Darasi na Bakwai: Tsara Ƙudurin Bincike da Kundin Digiri

Manufar Darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran mai karatu zai iya:

1. taƙaita batu mai faɗi har ya zama abin da za a iya bincika a zangon karatu biyu;
2. rubuta ƙudurin bincike da dukkan sassansa;
3. daidaita manufofin bincike da tambayoyinsa da hanyoyin tattara bayanai;
4. rarraba aikinsa cikin babi-babi yadda jami'o'inmu suka saba.

Gabatarwa

A jami'o'in Nijeriya ɗalibi ba ya karɓar digiri sai ya rubuta kundi. A digiri na farko ana so ne ya nuna ya iya bincike. A na biyu ana so ya nuna ya san abin da masana suka rubuta a fanninsa, kuma hanyar bincike ta zauna masa. A na uku dole ya ƙara wa ilimi abin da babu shi a da. Haka abin yake a Jamhuriyar Nijar, inda jami'o'i irin su ta Abdou Moumouni da ke Yamai suke bin tsarin lisans da masta da dokta.

Yawancin masu karanta wannan littafi magidanta ne da ma'aikata, waɗanda ke karatu da yamma, ko a ƙarshen mako, ko ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa. Irin wannan ɗalibi ba shi da lokacin da zai rubuta shafi arba'in a soke masa. Don haka abin da darasin nan zai koyar guda ne: kundi tambaya ɗaya ce da ake bi daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ƙudurin bincike, wanda ɗalibai ke kira furofozal, shi ne takardar da kake bayyana tambayar da yadda za ka amsa ta. Idan ƙuduri ya tsaru, rabin kundi ya samu.

1. Zaɓen Batu da Taƙaita Shi

Sassa da yawa kan nemi ɗalibi ya kawo batu uku a zaɓar masa ɗaya. Matsalar da aka fi samu a nan ita ce faɗi. Mu ɗauki misalin wata ɗaliba, malamar gona a Jihar Kano, wadda ta kai wa mai duba aikinta batu mai taken "Matsalolin Noman Tumatir a Arewacin Nijeriya".

Malamin ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Hajiya, jiha goma sha tara za ki zagaya?"

Ta ce, "A'a, Malam, Kano kawai nake nufi."

"To a Kano ɗin, wace matsala? Iri ne, ko taki, ko ruwa, ko tsutsar nan da ta cinye gonaki a 2016?"

"Malam, ni abin da ya fi damuna shi ne yadda tumatir ke ruɓewa a kasuwa kafin a yi lodinsa."

"Wace kasuwa?"

"Kwanar Gafan."

"Ashe kin san batunki. Je ki rubuto abin da kika faɗa mini yanzu."

Da ta dawo, take ya zama: "Asarar Tumatir Bayan Girbi a Kasuwar Kwanar Gafan, Ƙaramar Hukumar Garun Malam, Jihar Kano". Yanzu an san abu, an san wuri, an san mutanen da za a tambaya.

Manyan malamai ma haka suka yi. Kundin digiri na uku da Dandatti Abdulƙadir ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975 bai kwaso makaɗan Hausa duka ba. Ya tsaya a kan Mamman Shata, ya yi amfani da shi wajen nuna matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Abdulƙadir Ɗangambo kuma, a nasa kundin na Jami'ar Landan a 1980, ya ware waƙoƙin wa'azi kaɗai daga rubutattun waƙoƙi, ya kuma yanka musu zamani, daga wajen 1800 zuwa wajen 1970.

Kafin ka miƙa batu, yi wa kanka tambaya huɗu. Zan iya samun bayanan, kuma mutanen za su yarda su yi magana da ni? Lokacin da ya rage zai isa? Aljihuna zai ɗauki kuɗin mota da buga takardu? Wani ya riga ya yi wannan aiki a wannan wuri? Amsar ta ƙarshe tana ɗakin ajiye kundaye na sashenku. Ka shiga ka duba jerin taken kundayen shekarun baya kafin ka rubuta komai.

2. Sassan Ƙudurin Bincike

Tsawon ƙuduri ya danganta da sashe da matakin digiri, amma sassansa kusan ɗaya ne ko'ina.

Shimfiɗa. A nan ake gabatar da batu daga faɗi zuwa ƙunci. Ɗalibarmu za ta fara da matsayin tumatir a noman rani na Kano, ta ambaci shirin ban ruwa na Kadawa da ke shan ruwa daga madatsar Tiga, sannan ta gangaro kan kasuwar da ake loda kwanduna zuwa kudu, har kasuwar Mile 12 ta Legas. Shafi ɗaya ko biyu ya isa. Ba a buƙatar tarihin noma tun daga farkon duniya.

Matsalar bincike. Wannan ne sashen da malamai suka fi tsayawa a kai. "Tumatir yana ruɓewa" ƙorafi ne, kowa a kasuwa ya san shi. Matsalar bincike ita ce abin da ba a sani ba game da ruɓewar: a wane mataki aka fi yin asara, a gona, ko a hanya, ko wajen jiran mota? Wa ke ɗaukar asarar, manomi ko dillali? Ka nuna abin da aka sani, ka nuna inda sanin ya tsaya, ka faɗi illar barin wurin babu amsa.

Manufofi da tambayoyi. Babbar manufa ɗaya ce, kuma take ne aka mayar jimla. Ƙananan manufofi uku ko huɗu sun wadatar. Kowace ta fara da aikin da za a iya tabbatar da an yi shi, kamar auna, gano, kwatanta, tantance. Ka guji "wayar da kan jama'a" ko "kawo ƙarshen matsala", domin kundi ba zai iya nuna ya yi su ba. Kowace manufa kuma a juya ta ta zama tambaya. Inda za a yi gwajin ƙididdiga, sai a ƙara hasashen bincike.

Farfajiyar bincike. Ka faɗi iyakar wuri da zamani da mutane, ka kuma faɗi abin da ka bari. Ɗalibarmu za ta ce tattasai da attaruhu da albasa ba sa cikin aikinta ko da yake ana sayar da su tare. Wannan jimla za ta kare ta ranar kare kundi.

Muhimmancin bincike. Ka ambaci waɗanda za su amfana da sunansu da yadda za su amfana: ƙungiyar manoma, malaman gona, hukumar raya aikin gona ta jiha (KNARDA). "Zai amfani al'umma baki ɗaya" ba bayani ba ne.

Bayan waɗannan sai taƙaitacciyar bitar ayyukan da suka gabata, hanyoyin gudanar da bincike, jadawalin aiki, da manazarta.

3. Daidaita Manufa da Tambaya da Hanya

Ɗauki farar takarda ka ja layi ka raba ta gida huɗu: manufa, tambaya, inda za a samo bayani, yadda za a tantance shi. Ga yadda ta ɗalibarmu za ta kasance.

Manufa ta ɗaya: auna yawan tumatirin da ke lalacewa tsakanin gona da lodi. Tambaya: kashi nawa na kwando ke lalacewa? Bayani: awon kwanduna da sikeli a bakin gona da kuma wajen lodi. Tantancewa: matsakaici da kaso cikin ɗari.

Manufa ta biyu: gano dalilan lalacewar. Tambaya: me ke jawo ta? Bayani: takardar tambayoyi ga manoma, da hira da dillalai da direbobi da 'yan dako. Tantancewa: jadawalin amsoshi, da rarraba maganganun hira bisa jigo.

Manufa ta uku: kwatanta kwandon gargajiya da kiret na roba. Tambaya: akwai bambancin asara tsakaninsu? Bayani: awo iri ɗaya a kan mazubi biyun. Tantancewa: gwajin ƙididdiga na kwatanta rukuni biyu.

Duk gidan da ya zauna babu komai, akwai gyara. Manufar da ba ta da hanyar samo bayani a cire ta. Tambayar da ke cikin takardar tambayoyi amma ba ta amsa kowace manufa, ita ma a cire ta, komai daɗinta. Wannan takarda ɗaya ita ce awon da tela ke yi kafin ya sa almakashi. A kanta za a yanka babi na uku da na huɗu da na biyar. Ka liƙa ta inda kake rubutu.

4. Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Bita tana amsa tambaya biyu: me aka riga aka gano, kuma ina giɓin da aikinka zai cike? Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne jera marubuta: wane ya ce kaza, wane ma ya ce kaza, har shafi ashirin, ba a ji muryar ɗalibi ba. Abin da ake so shi ne a tsara bitar bisa manufofi. Ƙarƙashin kowane kanu ka tara waɗanda suka yi magana a kai, ka nuna inda suka haɗu da inda suka saɓa, da dalilin saɓanin: wani ya yi awo ne, wani kuwa tambayar manoma ya yi su ƙiyasta; wani a rani ya yi, wani a damina. Daga nan sai ka faɗi inda naka ya bambanta. Idan sashenku na buƙatar ra'in bincike, ka zaɓi guda wanda za ka yi aiki da shi a babi na huɗu. Ra'in da aka ambata a babi na biyu aka manta da shi ado ne kawai.

Wuraren nema sun danganta da fanni. Mai binciken gona zai nufi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Mai tarihi zai je Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, duka a Kaduna, ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A intanet akwai Google Scholar, da AJOL mai tattara mujallun ilimi na Afirka. Duk abin da ka karanta, rubuta sunan marubuci da shekara da take da maɗaba'a da lambar shafi nan take. Neman shafin da ya ɓace bayan wata shida yana cin mako guda.

5. Hanyoyin Gudanar da Bincike

Ma'aunin wannan sashe shi ne: idan wani ya karanta, zai iya maimaita aikinka ba tare da ya tambaye ka ba? Don haka ka bayyana wurin bincike, yawan mutanen da abin ya shafa, yawan waɗanda za ka zaɓa da yadda za ka zaɓe su, kayan tattara bayanai, da yadda za ka tantance.

Wajen fitar da yawan samfuri, ɗalibai da yawa na amfani da jadawalin Krejcie da Morgan na 1970, ko lissafin Taro Yamane na 1967. Lissafin Yamane mai sauƙi ne. A ce, don misali, rajistar ƙungiya ta nuna manoma 400, kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, wato 0.05. Ka ninka 0.05 da kansa, ka sami 0.0025. Ka ninka da 400, ka sami 1. Ka ƙara 1, ya zama 2. Ka raba 400 da 2: mutum 200 za ka tambaya. Amma lissafi bai isa ba. Idan duka 200 ɗin waɗanda shugaban ƙungiya ya kira maka ne, ra'ayin mutanensa ka ji. Ka yi ƙuri'a daga rajista, ko ka ɗauki kowane suna na biyu. Binciken da ya dogara da hira mai zurfi kuwa ba ya bin wannan lissafi. Ana zaɓen waɗanda suka san abin, a ci gaba da hira har sabon bayani ya daina fitowa.

Takardar tambayoyi ta kasance cikin harshen da masu amsa ke ji, da ma'aunin da suke aiki da shi. Manomi da kwando yake lissafi, ba da kilo ba. Ka tambaye shi da kwando, kai ka auna kwanduna da dama ka fitar da matsakaicin nauyi. Ka gwada takardar a kan mutum goma ko sha biyar kafin ka buga ɗari biyu, domin a nan tambaya mai harshen damo ke bayyana.

Sai ladabin shiga wuri. Ka karɓi takardar gabatarwa daga sashe, ka fara da shugabannin kasuwa ko mai unguwa. Ka gaya wa kowa dalilin zuwanka, ka nemi izini kafin ka naɗi murya ko ka ɗauki hoto, ka kuma bayyana cewa ba tallafi kake rabawa ba, don kada a ƙara gishiri a amsa. Binciken da ya shafi lafiyar mutane yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara.

6. Jadawalin Aiki

Ka fara lissafi daga ranar miƙa kundi ka dawo baya. Ka ware makonni na bugu da ɗauri, na gyaran malami, na rubutu, na tantance bayanai, na fita fili. Sannan ka ɗora wannan a kan kalandar abin da kake bincike. Tumatirin rani yana cika kasuwa ne daga wajen Janairu zuwa Afrilu. Idan ɗalibarmu ta bari sai Yuli, ba za ta tarar da abin awo ba, shekara ta wuce ta. Mai binciken makaranta ya lura da hutu da lokacin jarrabawa. Mai hira da manoman damina kada ya je musu lokacin shuka. Ka sa azumi da salla a lissafi, ka kuma bar rarar mako uku ko huɗu saboda abin da ba a tsara ba.

Ga mai aiki da iyali, awa ɗaya kullum bayan asuba ta fi kwana biyu a jere sau ɗaya a wata. Duk ranar da ka yi rubutu, ka aika wa kanka kwafi ta imel. Filashi na ɓata, kwamfuta na mutuwa.

7. Tsarin Kundi

Tsarin da ya fi yawa shi ne babi biyar.

Shafukan farko: take, tabbatarwa, sadaukarwa, godiya, ƙumshiya, da tsakure.

Babi na ɗaya, gabatarwa: shimfiɗa, matsala, manufofi, tambayoyi, farfajiya, muhimmanci.

Babi na biyu: bitar ayyukan da suka gabata da ra'in bincike.

Babi na uku: hanyoyin gudanar da bincike.

Babi na huɗu: gabatar da bayanai da nazarinsu. A bi manufofi ɗaya bayan ɗaya. Kowane jadawali a yi masa lamba da take, a faɗi abin da ya nuna, sannan a gwama shi da abin da aka gani a babi na biyu: ya dace da na magabata ko ya saɓa, kuma me ya sa?

Babi na biyar: taƙaitawa, sakamako, kammalawa da shawarwari. Ba a kawo sabon bayani a nan. Kowace shawara ta fito daga wani sakamako, kuma a faɗi wanda ake ba ta.

Daga ƙarshe sai manazarta da rataye, inda ake sa takardar tambayoyi da jerin tambayoyin hira da hotuna.

Za ka lura babi uku na farko ƙudurinka ne aka faɗaɗa. Sai dai a gyara lokaci: "za a tattara" ya koma "an tattara", kuma a rubuta abin da ya faru a zahiri. Idan an raba takarda 200 aka dawo da 183, haka za a rubuta. Tsakure shi ake rubutawa ƙarshe, a sakin layi ɗaya mai ɗauke da matsala da hanya da sakamako. Sassan tarihi da adabi da shari'a sukan wuce babi biyar, domin nazarinsu kan rabu bisa jigo ko zamani. A kowane hali, littafin ƙa'idojin sashenku ko na makarantar manyan digiri yana gaba da wannan darasi.

8. Madogara da Amanar Ilimi

Duk ra'ayi ko adadi da ka ɗauko, ka faɗi mai shi. Sassa da yawa na bin tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019: a cikin rubutu a sa sunan marubuci da shekara, da shafi idan kalmominsa aka ɗauko, a manazarta a jera cikakken bayani bisa haruffa. Duk sunan da ke ciki ya fito a manazarta, duk wanda ke manazarta ya kasance an ambace shi a ciki. Manhajar Zotero kyauta ce, tana kuma sauƙaƙa wannan aiki.

Kwafe aikin wani, ko sayen kundi a shagon buga takardu, ko cike takardun tambayoyi da hannunka a ɗaki, duk satar fasaha ce da ha'inci. Jami'o'i na amfani da manhajoji irin su Turnitin wajen gano kwafe, kuma hukuncin na iya kai wa ga soke aiki ko kora. Ko manhaja ba ta kama ba, tambaya biyu a zauren kare kundi kan tona asirin wanda bai yi aikinsa ba.

9. Mai Duba Aiki da Ranar Kare Kundi

Tun haɗuwar farko ka tambayi malaminka ranar da yake ganin ɗalibai, da ko babi-babi yake so ko a haɗe. Ka kai masa aiki bugagge mai lambar shafi. Idan ka dawo da gyara, ka haɗo da tsohon kwafin da ya yi wa jan biro. Inda ba ka gamsu da gyara ba, ka kawo hujja cikin ladabi. Abin da ke ɓata tsakani shi ne ɓacewa wata uku, sannan a bayyana ana saura mako guda ana neman sa hannu.

A manyan digiri ana kare ƙuduri a gaban malaman sashe, daga baya a kare kundi, har da mai jarrabawa daga wata jami'a. Tambayoyin ba sa wuce waɗannan: me ka bincika, don me, ta yaya, me ka gano, me ka ƙara? Wanda ya riƙe takardarsa mai gida huɗu yana da amsar kowace.

Taƙaitawa

Batu ya zama mai iyakar wuri da zamani da mutane. Matsalar bincike ita ce abin da ba a sani ba. Kowace manufa tana da tambayarta da hanyarta da sakamakonta. Bita ta ƙare a kan giɓi, jadawali ya bi kalandar abin da ake bincike, kowace magana kuma a danganta ta ga mai ita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin ƙorafi da matsalar bincike? Kawo misali daga sana'arka.
2. Me ya sa ake faɗin abin da bincike bai ƙunsa ba?
3. Yi amfani da lissafin Yamane ka fitar da samfuri daga mutum 1,000 a kan kuskuren 0.05.
4. Wane gyara ake yi wa ƙuduri idan zai zama babi uku na farko?

Aikin Gida

Taƙaita ɗaya daga cikin waɗannan har ya zama take mai iyaka: "Shaye-shaye a Tsakanin Matasa", "Matsalar Ruwan Sha a Birane", "Finafinan Hausa da Tarbiyya". Rubuta masa manufofi uku, ka cike takarda mai gida huɗu, ka zana jadawalin wata takwas. A darasi na gaba kowa zai karanta nasa, 'yan aji su yi masa tambayoyi kamar a zauren kare ƙuduri.